Kurar da Ta Ari Hulata

Bana shekara tara ke nan da rasuwar aminina Malam Sabo, kuma har yau Baba Kura yaran Kakuri suke ce mini. Aikinsa ne, Allah Ya jiƙansa.

Tare muka yi aiki a masaƙa. Da aka rufe ta, na koma ɗinki, shi ya koma zana hotunan littattafan tatsuniya na 'yan firamare. Littafin farko na fitowa, sai ga kura da wushirya da tumbi, ta karkace hula hagu. Duk Kakuri mutum ɗaya ke sa hula haka. Na same shi ina huci, ya ce, "Haba Ɗanladi, kura ce fa. Kai ka ga kanka."

Shi ke nan unguwa ta samu abin yi, manya suka koma fassara hotunan yara. In ya shafa wa sama ja, a ce shi da mai ɗakinsa ba a kwana lafiya ba. In zomo ya fito da carbi, a ce ladan ne. Ni kuwa ba sai an fassara mini ba, duk inda aka saci akuya ga hulata. Wallahi abin ya ci mini rai. Na ɗauka haka yake kallona, makwaɗaici kuma sakarai, har ya rasu ban huce ba.

Yanzu waya ce ke zane. An nuna mini kurar da ta zana, fes kamar za ta gidan biki, ba ta kama da kowa. Da Sabo na nan tsaki zai ja, ya tambayi 'yar gidan wa ce.

Bara na je Romi gai da matarsa, Hajiya Talatu, na sake kai ƙara. Ta yi dariya ta ce, "Malam Ɗanladi, ba ka duba shafin ƙarshe ne? A labarin ai kullum duka kura ke sha. Mai buga littattafan ya yi ta fama da shi ya zana dukan, har ya ce zai ba wani aikin. Malam ya ce hannunsa ba zai iya ba."

Na dawo na buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya. Rubutu na cewa an farfasa mata jiki da sanda, a hoto kuwa ga ta zaune a inuwa tana sakace, lafiyarta lau. Na tura ƙofar shago na yi kuka. Abin da ya bar mini ke nan: ya yi shekaru yana tsokanata a gaban duniya, amma ko a takarda bai yarda a taɓa ni ba.