Akawun Malama Bayan Takaba

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da abokin aikina wanda barci ya kwashe shi tun kafin mu fita gari. Wata makaranta ce a Bauchi, a hanyar Gubi, da muke kula musu da kwamfutoci, ta kira mu. Malamar da ke haɗa sakamakon ɗalibai ta dawo daga takaba ta kasa buɗe komai, har shugaban makaranta ya fara zancen ba wani kujerarta, wai rasuwar ta taɓa mata tunani.

Ramukan hanyar Ningi ne suka tashi abokin nawa ba shiri. Da hantsi muka shiga Bauchi, muka tsaya cin masa a Ƙofar Wambai. Ta ƙara kuɗi, ta rage girma, amma miyar ba ta canza ba. Daga nan sai keke Napep zuwa makarantar.

Muka tarar da malamar a takure, shugaba yana tsaye a kanta. Ya ce shi dai yana ganin ta manta lambar sirri ne. Ba ta manta ba, a gabana ta shiga, amma ba abin da ya buɗe mata. Sai na hau babbar kwamfutar da ke raba izini, na duba rukunonin da akawun ɗinta, wato sunan da take shiga da shi, yake ciki, don kowa rukuninsa ne ke buɗe masa ƙofa. Ba ta cikin na malamai, ba ta cikin na jarrabawa. Tana dai cikin wanda ake jefa duk sabon shiga.

Na ce, "Malama, to da me kike aiki duk shekarun nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Da na Malam. Tare muke aiki a nan. Ya ce mutum da iyalinsa ai ba sai an raba ba."

Da ya rasu aka rufe nasa, ba wanda ya tuna da nata. Wallahi tausayi ya kama ni. Na sa ta a rukunonin, sakamako ya buɗe, shugaba ya shiga gyaran hula yana cewa dama shi bai zarge ta ba.

Sunan mamacin yana nan a rukunin jarrabawa, a rufe. Na kai hannu zan goge, ta ce, "Ɗana, in ba zai ɓata komai ba, bar shi kusa da nawa."

A ƙa'ida gogewa ake yi. Na bar shi.

Da isha muka iso gida. Yanzu in aka ce mini wane ya kasa aiki, sai na fara duba ko an taɓa buɗe masa ƙofar da sunansa.