Ranar da Fijo Ta Ƙi Tashi

Safiyar ba ta bambanta da sauran ba. Na dawo daga masallaci, na sha koko, na zauna a zaure ina ɗaure kwandunan tumatir da suka kwance. Motata tana bayan gida, ƙarƙashin darbejiya. Tsohuwar Fijo ce mai buɗaɗɗen baya, da ita nake kwaso kaya daga gonakinmu na wajen Bunkure zuwa bakin titin Kadawa. Gejin manta ya mutu tun kafin in saye ta. Abin da na zuba da hannuna shi na sani, kuma da yammacin da ya wuce na zuba mata a Kura.

Yaya Ado, wana uwa ɗaya uba ɗaya, manomin albasa ne. Gonarsa tana kan tudu kusa da titi, ruwan kanal ba ya hawa sai da inji. In man injin ya yanke masa, motata ce gidan mansa. Zai zura tiyo a tanki ya zuƙe ta tas, ya tafi abinsa. Mun sha faɗa a kan wannan, har Inna ta raba mu da sharaɗi: duk ranar da ya zuƙa, ya bar tiyon a kan kujerar direba don in sani. Bai taɓa saɓawa ba.

An kwana biyu ana maganar rigima a ƙauyen gabanmu. Shanu sun shiga gona, an yi jini, kowane ɓangare ya kira nasa. Mu dai mun ce abin bai shafe mu ba.

Da hantsi na ji ƙarar farko daga gabas. Na ɗauka salansar babur ce. Ta biyu ta zo, ta uku ta biyo ta kusa. Kaji suka watse. Wani ya wuce a guje ta ƙofar zauren yana ihu: "Ku fita! Ku bi kanal!"

Inna ba ta tafiya. Shekarun baya ɓarin jikinta ya shanye. Na ce wa matata Rabi ta kwashi yara ta bi mutane, zan tarar da su a hanya da mota. Kafin ta tafi ta jefa bargo da filon Inna ta tagar motar. Na ɗauko Inna na zaunar da ita a gaba. Na faɗa kujerata a kan bargon, na murɗa makulli.

Motar ta yi tari sau ɗaya, ta kama, ta mutu.

Na sake murɗawa. Injin yana juyawa da ƙarfinsa, amma bai kama ba. Na taka totur na saki, na sake. Haka dai. To ba batir ba ne, tunda yana juyawa. Direba ya san sauran: ko wuta, ko mai. Mai kuwa ni na zuba. Na fita na ɗaga bonet.

Na zare wayar fulogi ɗaya, na kusantar da ita jikin ƙarfe. Ana bukatar mutum biyu, ɗaya ya murɗa, ɗaya ya duba. Na waiwaya, babu kowa a layin. Takalmin yaro ɗaya ne a tsakiyar hanya, da tukunya a kan murhu a gidan maƙwabta tana tafasa ita kaɗai. Na kama hannun Inna mai lafiya na ɗora a kan makullin, na nuna mata. Ta murɗa. Tartsatsi ya fito shuɗi, lafiyayye. Wuta ƙalau.

Hayaƙi ya tashi daga wajen rumbuna. Ana jin kara yana fashewa a cikin wuta.

Na cire tiyon da ke shiga kabureta. A bushe yake. Na ce famfon mai ne ya mutu, ko datti ya toshe hanya. Na sa baki na zuƙa, iska ce kawai. Na hura, na sake zuƙa. Na kwanta na shiga ƙarƙashin motar ina shafa bututun da hannu ko ya fashe. Ban sami komai ba. Na zagi motar nan zagin da ban taɓa yi wa mutum ba. Inna tana jina, bakinta dai yana motsi.

Na kira wayar Yaya Ado. Na ji tana ringi a cikin gida, a ɗakinsa. Ba ya zuwa ban ruwa da ita, tun da ɗaya ta faɗa masa a kanal.

Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba. Garin da aka haife ni, da rana tsaka, babu wanda zan ce wa zo ka riƙe mini nan. Na sake murɗawa. Juyin ya fara nauyi. Harbi ya iso wajen masallaci, har ina jin muryoyi.

"Bar ta," in ji Inna. "Ka tafi."

Na jawo bargon daga kujerata don in goya ta da shi. Tiyo ya biyo shi ya faɗo ƙasa. Koren tiyon Yaya Ado, da ɗanyen warin fetur a jikinsa. Duk abin nan a kansa nake zaune.

Ban tsaya ba. Na goya Inna, na ɗaure bargon a ƙirji, na bi ta bayan gida na gangara kanal. Na bar makullin a jiki, bonet a buɗe. Na shiga cikin ciyawar kacala, ruwa har gwiwa, laka tana riƙe ƙafata. Inna ba ta da nauyi, amma ƙafarta da ta mutu tana jan ruwa. In na ji babur a kan gaɓa sai in durƙusa. Ina tafiya ina cizon haƙora, ina shirya abin da zan gaya wa Yaya Ado in mun haɗu. Ban ji masa tsoro ba. Gonarsa tana bakin titi, shi ne ya fi kowa kusa da tsira.

Ana kiran azahar muka fito titi. Wani mai adaidaita ya kai mu Kura. A wata makaranta na tarar da Rabi da yara. Na zaga ajujuwan ina neman wana. Wani maƙwabcin gonarsa ya ce ya gan shi. Da aka fara harbi kowa ya nufi titi. Shi kuwa ya kashe inji, ya juye man da ke ciki a galan, ya haɗa da wanda ya rage masa, ya nufi gari a guje. Sun kira shi. Ya ce musu ya bar motar da za a ɗauki Inna babu mai.

Da ƙura ta lafa muka koma da jami'an tsaro. Ban ga fuskar waɗanda suka yi abin ba, ba zan ce ga su wane ba. Rumbuna sun ƙone, da gidajen gabas. Motar tana inda na bar ta, gilashin gaba a fashe. An mayar da tiyon kabureta wurinsa, an rufe bonet. Murfin tanki yana kan rufin mota, galan a gefe, babu komai a ciki. Yaya Ado yana kwance wajen ƙofar direba.

Mun yi masa sutura da la'asar, shi da sauran. Ba a sami motar da za ta kai su maƙabarta ba. Na shiga na murɗa makullin. A bugu na biyu ta tashi.

Inna ba ta ƙara shiga motar ba har ta rasu. Albasarsa ta bushe a tsaye, ban iya zuwa na ba ta ruwa ba. Har yau ina jigilar tumatir. Kullum da safe, kafin in zauna, sai na duba kujerar.