Kawu Ƙugiya, Mai Shiga Ɗakin da Kowa Ya Gudu

Kafin rana ta yi zafi Kawu Ƙugiya ya share gaban shagonsa, ya rataye buhun zane a ƙusa, ya jingina doguwar sandar ƙarfen nan mai lanƙwasasshen baki wadda ta jawo masa wannan suna. Sana'arsa ta asali sa ragar taga da ƙofa ce, amma ba don raga wayarsa ta fi yin ƙara ba. Jemagu sun cika silin, zuma ta yi gida a akwatin mita, gafiya ta huda ƙasan kicin. Wani lokacin mai kiran ba ya ma iya ambatar sunan abin, sai dai ya ce igiyar ƙasa ce ta shigo. Kawu ba ya tambayar gidan wane ne. Abin da yake fara tambaya shi ne ko akwai yara a ciki.

Da wannan tambayar ya tari mai ɗinkin layinmu ranar da ta iso shagonsa a guje ba takalmi. Ta kwantar da 'yarta mai rarrafe a katifa bayan azahar, ta fita shanya. Da ta dawo sai ta ga baƙin abu yana sulalewa bayan akwatin kaya, tsakanin ƙofa da katifar. Mijinta direba ne, yana kan hanya.

Ko da Kawu ya isa, tsakar gidan ta cika. Wannan da tabarya, wancan da bulo, wani maƙwabci har ya ɗebo kalanzir zai watsa ta taga. Kawu ya karɓi galan ɗin daga hannunsa ya ajiye a waje, ya roƙi jama'a su ja baya su yi shiru, don duk abin da ya firgita macijin, wajen katifa zai nufa. Sannan ya leƙa ta labule. Kumurci ne, mai fesa dafi a ido. Ya shafa aljihu neman tabaran da yake sawa don irin wannan, ya tuna ya baro shi kan teburin shago saboda sauri. Yana shirin aikawa a ɗauko, yarinyar ta motsa. Ta buɗe ido, ta hango uwarta a bakin ƙofa, ta yi dariya, ta dafa hannu za ta rarrafo.

Uwar ta yunƙura za ta faɗa ɗakin. Kawu ya tare ta da hannu.

"'Yata, zagaya ki tsaya a taga ta bayan katifa. Kira sunanta a hankali, ki yi mata wasa. Kada ta sake kallon ƙofar nan."

Ta zagaya. Waɗanda suke wurin sun ce ba su taɓa jin abu mai tsinka zuciya kamar muryar matar nan ba, tana tafa hannu tana yi wa 'yarta wasa hawaye na zuba. Yarinyar ta juya wajen taga. Kawu ya cire takalmi, ya yi bisimilla, ya shiga yana bin bango, har ya sa jikinsa tsakanin akwatin da katifa. Ya san idan ya sunkuya ɗaukar yarinyar ya ba macijin baya, su biyun ya sa a haɗari. Sai ya zura ƙugiya ya ja akwatin kaɗan.

Kumurcin ya miƙe, ya buɗe wuya. Kawu ya kau da fuska, amma bai yi saurin da ya isa ba, feshin ya same shi a idon hagu. Ya ji kamar an zuba masa garwashi. Jikinsa duka ya nemi ya saki sandar ya dafe idon, amma yana jin 'yar muryar yarinyar daf da dugadugansa. Bai ja da baya ko taku ɗaya ba. Da ido ɗaya, shi ma yana hawaye, ya danne wuyan macijin da ƙugiya, ya lallaɓa hannu ya damƙe bayan kansa, ya tura shi buhu, ya ɗaure. Sai a lokacin ya yi magana.

"Shigo ki ɗauki 'yarki. Wani ya taimake ni da ruwa mai yawa."

An daɗe ana kwarara masa ruwa a ido kafin a kai shi asibiti. Idon bai mutu ba, amma har yau hazo-hazo yake gani da shi. Da aka sallame shi, da bandeji a fuska ya koma gidan mai ɗinki. Ya gano kafar da bututun ruwa ya bari a bango, ya toshe da siminti. Ya nuna musu tulin tsofaffin tayoyi da shara a bayan gida, ya ce nan ɓeraye suke kwana, shi kuma maciji abincinsa ya biyo. Macijin kuwa tun farko Kawu ya hana a kashe shi, ya sa an kai shi daji nesa da gidaje an saki.

Yanzu tsufa ya fara cimma Kawu. Babbar 'yarsa ta yi ta roƙo har ya yarda ya bar kamun, ya tsaya ga ragarsa.

Kawu, kai ne mai shiga ɗakin da masu shi suka gudu. Kai ne ka kwashe zumar makarantar yara ba tare da ta harbi ko ɗaya ba, kai ka sha harbin. Ba a taɓa kiranka taro an ba ka kujera ba, sai dai a kira ka cikin tashin hankali, a manta da kai da zarar hankali ya kwanta. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske.

Mu kuma da muka saba dogaro da shi, mu kwashe sharar bayan gida, mu toshe kafofin bangonmu. Kuma cikin masu ƙarfin da suka iya taruwa da tabarya, a samu wanda zai je shagon nan ya zauna ya koya tun Kawu yana iya nunawa. Damina na tafe, kuma wani gidan zai kira.