Jegon Attaruhu

Yayana ya ga ina shirin kashe shukata ya yi shiru, kuma har yau ban yafe masa wannan shirun ba. Malamin gona ne da ya yi ritaya, kullum sai ya biyo gidana a Koki ya sha fura, ya leƙa ɗakina ya ga tsiron, ya fita.

Irin attaruhun na goggonmu ne. Ita ta rene mu, kuma da ta rasu abin da ya zo hannuna ke nan, a cikin kwalbar magani. Ƙanana ne, masu ƙamshi, ba a samun irinsu a kasuwa. Irin bai fi cikin cokalin shayi ba. Idan ya ƙare a hannuna, ya ƙare ke nan.

Gidanmu babu ƙasa, tsakar gida siminti ce, ga kajin maƙwabta. Sai na yanka ledojin ruwa, na huda gindinsu, na cika da yashi da takin awaki, na shuka fiye da rabin irin, na jera a faranti ƙarƙashin tagar ɗakina. Lokacin ina shekarata ta biyu a ajin manya na yaƙi da jahilci, hannuna bai gama sabawa da biro ba, amma kullum sai na rubuta kwanan a bayan littafina. Kwana tara suka fito.

Ni abin da na sani game da sabon rai ɗaya ne: ba a fitar da shi sai ya yi arba'in. 'Ya'ya shida na haifa, haka na yi wa kowanne. Don haka na saki labule kada iska ta buge su. Suka yi tsawo, sirara, launinsu fari-fari, ni kuwa ina murna wai girma suke yi.

Ranar arba'in da hantsi na hau da su saman soro, na dasa a bokitan fenti, na ba su ruwa. Bazara ce. Kafin la'asar duk sun kwanta kamar zaren da aka jiƙa.

Yaya ya hawo yana haki, ya duba bokitan, ya duba ni.

"Hajiya, jego kika yi musu? Har da kunun kanwa?"

"Yaya, ka gani tun farko."

"Na gani."

"To me ya hana ka magana?"

"Ke ana faɗa miki magana? Gishiri na ce ya yi yawa a miyarki, wata guda ba ki gaishe ni ba."

Gaskiya ya faɗa, amma ban ba shi gaskiyar ba. Muka sauko, na ɗauko littafina da biro, na ce ya zauna a kan turmi ya faɗa a hankali, don ba na rubutu da sauri.

Ya ce haske suke so tun ranar da suka fito, a ɗage labule. Idan sun yi ganye huɗu, a riƙa fitar da su da sassafe na ɗan lokaci a mayar, kullum ana ƙarawa, har mako guda. Dashe kuma sai da yamma, rana ta yi sanyi, a fito da su da ƙasarsu kada a taɓa saiwa.

"Arba'in ɗin fa?"

"Ki bar wa jikokinki."

Da ya tafi na zazzage kwalbar a tafin hannuna. Ƙwaya goma sha ɗaya suka rage. Ya ce in ba shi ya rena mini a gidansa, na ƙi.

Washegari bayan sallar asuba na cire labulen gaba ɗaya na ninke, na yanka sababbin ledoji shida, na sa ƙwaya ɗai-ɗai a ciki.