Baƙin Bijimin Iliyasu na Kwandiko

Iliyasu ɗan gwaggota ne, abokin wasana, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa babu mai kai ni ƙara. Manomi ne a Kwandiko, yana da matarsa Batulu da 'ya'ya biyar, da garma da amalanke. Kakanninsa makiyaya ne, amma Fillanci ya bar gidan tun zamanin mahaifinsa, abu biyu kawai ya gada: son shanu da riƙo. Ni kuwa Kamaluddeen, shagona yana bakin tasha a Gwaram, ina cajin waya ina tura wa mutane finafinai. Sana'ata da zuciyar Iliyasu ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba.

Karatunsa na boko bai wuce firamare ba. Yana saurayi ya raka babana kasuwar Birnin Kudu sayar da gyaɗa, ya ga wani littafi a shimfiɗe gaban mai sayar da littattafai, da zanen baƙin bijimi a bangonsa. Don bijimin ya saya, ba don karatun ba. Sunan littafin Ƙahon Tagulla, ashe kuma kashi bakwai ne. Labarin wani makiyayi ne mai suna Yunusa, wanda aljanu suka kore garken garinsu zuwa ƙasarsu, ya bi sawu daga shi sai sandarsa sai bijiminsa Baleri mai ƙaho ɗaya na tagulla. Kowane kashi ƙasa guda suke ratsawa. A na bakwai suka dawo gida su biyu da ransu, da garken a bayansu.

Iliyasu ya tara bakwai ɗin, ya karanta su har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. Daga nan ya fara karanta wa mutane a gindin tsamiyar ƙofar gidansu bayan la'asar. Yana sauya murya, yana yi wa sarauniyar aljanu wata siririyar murya da take sa yara su matso jikin manya. Ga shi da mugunta: sai ya kai inda hankalin kowa ya tashi, ya rufe littafi ya ce shanunsa suna jiran ruwa. Dattawa masu furfura suna roƙonsa ya ƙara shafi ɗaya. A garin nan ba shi da sarauta, ba shi da kuɗi, amma shekara da shekaru in ana gardama a kan Yunusa, maganar Iliyasu ce ƙarshe.

Haukan bai tsaya nan ba. Shanun wajenmu yawanci farare ne, amma sai da ya yi ta bin rugage har ya sami baƙin maraƙi a wajen Fagam, baƙi wuluk ba ɗigon fari. Ya raɗa masa Baleri. Da hannunsa yake ba shi dusa da kanwa. Ya koya masa kwanciya in ya dafa tozonsa, ya koya masa tashi in ya yi masa wani ɗan kira da harshe wanda in ba ka sani ba sai ka ɗauka tsaki ne. Na sha gaya wa Batulu ta yi haƙuri, ita ce ta biyu a gidan.

Sai marubucin ya rasu, Allah ya jiƙansa, wasu masu shirya fim suka ɗauki labarin. Ranar da fim na farko ya fito, ni na kai wa Iliyasu har gida a wayata. Ya yi wanka ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ba a yi nisa ba na ga fuskarsa tana sauyawa. Yunusan da ya ratsa ƙasa bakwai da sanda, sun rataya masa takobi. Aljanun da a littafi ba a taɓa ganinsu, sai dai a gane sun iso in shanu sun ƙi shan ruwa, sun mai da su wasu ƙattai da aka shafa wa hoda aka sa musu jajayen idanu. Makiyayin da bai tsaya kallon mace ba, ga shi a cikin lambu yana rawa da wata yarinya, sun sauya kaya sau huɗu a waƙa ɗaya. Baleri kuwa ja ne a fim na farko, a na biyu ya koma fari.

Gaskiya ɗaya ce, akwai wajen da suka yi daidai. Inda Yunusa ya zauna a kan dutse yana busa sarewa garken yana amsawa daga nesa, Iliyasu ya ce in mayar masa baya, ya sake kallo, ya goge ido da hannun riga. Wannan ma ya ƙara masa haushi. Ya ce ashe sun iya, ganin dama ne ba su yi ba.

Abin da ya ƙona shi ba a waya ya faru ba, a gindin tsamiya ne. Yana cikin karatu wata rana sai Ɗanbala mahauci ya katse shi.

"Malam Iliya, ka tsallake wajen da ya zare takobi."

"Babu takobi a labarin nan."

"Haba Malam! Mu da muka gani da idonmu?"

Aka yi dariya. Iliyasu ya ɗaga littafin ya nuna, amma wa zai duba takarda bayan ya ga abu yana motsi? Sannu a hankali majalisar ta watse, kowa ya koma tsugune da wayarsa. Mutumin da ya kawo musu labarin ya zama shi ne wanda bai san labarin ba.

Da bazara ta zagayo, sai ga motocin masu fim a Gwaram, za su ɗauki na uku a duwatsun wajen Fagam. Masu kallo sun dame su a kan launin bijimi, don haka wannan karon baƙi suke nema. Ɗaya daga cikin ma'aikatansu ya kawo caji shagona, bakinsa ba ya riƙe magana. Ya ce ɗawainiya da bijimi ta ishe su, ga haya ga mota ga taurin kai, saboda haka an gyara labarin: a ƙofar ƙasa ta uku Yunusa zai kwantar da Baleri ya yanka shi da hannunsa don aljanu su buɗe masa hanya, daga nan an huta.

Na hau babur na je na gaya wa Iliyasu, ina jiran ya yi ta zage-zage. Ya daɗe yana sosa wuyan bijiminsa, sannan ya ɗago.

"Kamalu, je ka ce musu akwai baƙi a Kwandiko. Kyauta. Kuma ba sai an ɗaure shi ba, da kansa zai kwanta."

Na san ɗan gwaggota. In ya yi laushi haka, wani zai kwana a ciki.

Daraktan ya yi murna har yana kiransa Baba. Aka kai Baleri gindin dutse, aka naɗe masa ƙaho ɗaya da takarda mai ƙyalli. Iliyasu ya dafa tozo, bijimi ya kwanta ya miƙe wuya, mutanen ƙauye da suka cika wajen suka yi shewa. Iliyasu ya koma can gefe ya zauna a inuwa kamar ba ruwansa. Jarumin ya durƙusa da farar riga, yana kukan ƙarya, ya ɗaga wuƙar roba. Tana sauka kusa da wuya, Baleri ya yi zumbur ya miƙe, jarumi ya faɗi ta baya. Aka sake, aka sake, kullum haka. A wani karon ƙahon ya kwashi kwanon jan ruwan da suka tanada a matsayin jini, ya juye wa jarumin a ka, shi kuma garin gudu ya faɗa cikin ƙaya. Ban taɓa jin daɗin wahalar wani kamar ranar ba, kuma ban yi istigfari ba.

Rana ta karkata kafin mai naɗar sauti ya cire abin kunnensa ya nuna Iliyasu. Darakta ya zo yana huci.

"Baba, kai ne kake tayar da shi? Ka san asarar da ka ja mana?"

"Tambaya ɗaya nake da ita, ranka ya daɗe. A kashi na nawa aka yanka shi? A wane shafi?"

"Wannan fim ne, ba littafi ba."

"To ku nemi bijimin fim. Wannan na littafi ne."

Ya warware takardar ƙahon ya jefar, ya ja abinsa. Ni na saya masa tsire a hanya.

Murnarmu ba ta daɗe ba. Bayan Sallah fim ya fito, kuma ni na fara kallonsa a shago. Sun nuna Baleri a kwance, Balerin Iliyasu da fuskarsa da komai. Sun nuna wuƙa ta yi sama. Sai suka nuna jini yana gangara a kan dutse, sai waƙar baƙin ciki. Shi ke nan, sun yanka shi ba tare da sun taɓa shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na tura wa duk wanda ya zo nema, don da shi nake ci. Iliyasu ya yi damina guda ba ya amsa gaisuwata.

Mutanen Kwandiko kuwa suka sami abin yi. Ɗanbala ya tara abokansa suka je ƙofar gidan, suka zauna a tabarma suna cewa, "Ya haƙuri, Malam Iliya? Allah ya mai da alheri." Bijimin yana ɗaure a turke suna ganinsa.

Daga ranar Iliyasu ya ɗaura yaƙi. Duk ranar kasuwa sai ya koro Baleri har Gwaram, ya ɗaure shi a ƙofar shagona, inda masu neman fim ɗin za su gifta. Duk wanda ya fito sai ya tare shi: "Ka ga wanda aka yanka? Ga shi nan yana tuƙa. Maƙaryata ne, ka gaya wa na gaba." Samari suka riƙa ɗaukarsa a waya, abin ya bazu. Aka ce duk inda daraktan ya sa hotonsa sai an cika shi da tambayar ina naman. Da aka karanta wa Iliyasu wannan, ya yi dariya har da tari. Wasu ma suka dawo gindin tsamiya don su ji yadda ainihin kashi na ukun ya ƙare.

To amma kowa ya san yadda ake yi da san huɗa. Ka yi noma da shi 'yan shekaru, ka turke shi ya yi ƙiba, ka sayar ka sayi ƙanana biyu. Haka gida yake tsayuwa. Iliyasu ya sayar da abokin huɗar Baleri, amma Baleri ya ce ko za a ba shi Gwaram da abin da ke cikinta ba zai sayar ba, don ƙarshen duk bijimin da aka sayar wuƙa ce. Dillalai suka yi ta zarya suka gaji. Baleri ya tsufa, haƙora suka zube, garma ta fi ƙarfinsa. Mai shanu ya koma biyan wasu su yi masa huɗa, ga harawa da dusa kullum sai an saya wa tsohon da ba ya aiki. Batulu ta yi magana, ta yi kuka, ta turo ni. Na ce masa masu fim ɗin nan sun kai kashi na shida, sun manta akwai wani gari Kwandiko. Ya ce shi bai manta da su ba.

Wata safiya cikin damina Batulu ta kira ni tana kuka, Baleri ya kwanta ya kasa tashi. Ko da na isa, gidan ya cika. Bijimin yana kwance a gefen turke, numfashi sama-sama, ido ya fara juyewa. Ɗanbala yana tsaye da wuƙa ya wasa ta, wannan karon ba tsokana a fuskarsa.

"Malam Iliya, a yi sauri kafin ya zama mushe. In ba ka so in taɓa shi, karɓi ka yanka da kanka."

Batulu ta fito daga bayan zana, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban maza. "Malam, don Allah. Shi ke nan abin da muka mallaka. Ko naman a sayar a sayi maraƙi."

Iliyasu ya karɓi wuƙar. Na ɗauka ya sauko. Sai ya waiwaya ya ga samari a kan katanga, kowa ya ɗaga waya yana jira. Abin da masu fim suka nema a gindin dutse suka rasa, ga shi za a ba su a tsakar gidansa, da hannunsa. Ya miƙa wa Ɗanbala wuƙarsa, ya zauna a cikin taɓo, ya ɗora kan bijimin a cinya, ya kifa ƙirjinsa a kan wuyan. Dattawa suka yi ta magana, wani ya ce wannan almubazzaranci ne, wani ya ce a janye shi da ƙarfi. Ni na tsaya a gabansa na ce duk wanda ya taɓa shi sai ya fara da ni, ko da yake a raina ina ganin Batulu ce da gaskiya.

Kafin azahar Baleri ya cika. Batulu ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Iliyasu ya share fuska, ya kama haɓar bijimin ya ɗaga, wuyan nan baƙi ya fito sarai babu ko ƙwarzane. Ya dubi samarin kan katanga.

"Ku sauko ku ɗauka da kyau. Ku haska wuyan. Ku aika musu."