Murfin Da Yaya Ya Ce Sai Mutum Biyu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, bayan gajeriyar jinya a asibiti. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, yanzu saura ni.

Yaya, kullum kana cewa an raba mana gado tun muna yara, ni biro kai sifana. To ga biron a hannuna, yau shi ma nauyi yake min. Masu zuwa gaisuwa sun faɗi alherinka iya faɗa: waɗanda ka koya wa kanikanci har suka buɗe garejin kansu, da maƙwabtan da ka tayar wa mota da rigar fita a jikinka. Duk gaskiya ne. Alherin da ka yi min ni kuwa babu wanda ya gani, don a gefen ruwa aka yi shi.

Lokacin da mai ɗakina ta rasu, ba ɗa ba jika, kai ma taka ta riga mu, da kanka ka zo ka kwashe kayana zuwa gidanka. Ko shawara ba ka yi da ni ba. Ka ba ni ɗakin da ke kallon tafkin ninkayar da babban ɗanka ya gina maka, saboda likita ya ce tafiya cikin ruwa za ta sassauta maka gwiwa. Kai dai kududdufi kake ce masa. Na shiga ɗakin nan na saki labule, abinci ma sai a ajiye min a bakin ƙofa.

Wata Asabar ka buga ƙofar. "Auta, fito ka riƙe min. Murfin filtar nan mai tace ruwan kududdufi ba ya buɗuwa sai da mutum biyu." Furfura ta gama min kai, amma a bakinka ban taɓa wuce Auta ba. Na fito ina ƙunƙuni.

Ka kashe injin da ke zagaya da ruwan, ka murɗa ɗan makunnin da ke saman tukunyar filta, iska ta fita tana huci. Sannan ka ce in rungumi tukunyar da ƙarfi kada ta motsa, kai kuma kana juya zoben murfin kana nishi. Ka zaro filtar, doguwa, jikinta ninki-ninki, farinta ya koma ruwan ƙasa. Ka tsayar da ita, ka bi ta da tiyo daga sama zuwa ƙasa, ni ina buɗa maka ninkin da yatsa. Ranar da na ɗauko buroshi ka ƙwace. "A hankali, malam, wannan ba tayar mota ba ce. In ka yaga ta, datti ya samu ƙofa." In maiƙon jiki ya kama ta, sai ka jiƙa ta a babban bokiti ta kwana, ka ɗauko ta ajiya da ta bushe a inuwa ka sa a tukunyar. Robar murfin ma sai ta sha ɗan mai kafin ta koma mazauninta.

Daga ranar ya zama aikinmu na Asabar. Aikin da ba zai ci rabin awa ba, mu sai ya kai mu azahar. A bakinsa muka tono labarin iyayenmu, muka yi gardama a kan wanda ya fi shan duka, ka sa na yi dariyar da na zaci an binne ta tare da matata. Daga baya har ruwan na fara shiga, don ka ce wanda ya yi wanki shi ya kamata ya sa riga.

A kwanakin gaisuwa wani ya kashe injin, ƙararsa ta dami jama'a. Kafin mutane su watse ruwan ya yi kore. Da na kunna, allurar agogon filta ta haye inda kake cewa lokacin wanki ya yi. Babban ɗanka ya same ni tsaye a wurin.

"Baba, gidan nan ya yi maka girma. Ko filtar nan ba za ka iya buɗewa kai kaɗai ba. Mu kwashe ruwan, mu rufe gidan, ka dawo wurinmu."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, Allah Ya yi masa albarka. Amma ni ba na son barin gidan da nake jin kamar yanzu za ka yi gyaran murya a falo. Na ce ya ba ni zuwa Asabar, in na kasa zan bi shi.

Asabar ta zo. Na kashe inji, na saki iska, na tsaya ina tunanin wa zai riƙe min. Na dai sa hannu a kan zoben don gwaji, sai ya juya salin alin. Na girgiza tukunyar, ko gezau. Da na duƙa, sai ga ta ɗaure da siminti, noti a kowace kusurwa, ɗaurin bakanike. Ashe duk shekarun nan ina rungume da abin da ba ya motsi, kai kuma kana nishin ƙarya don kawai ƙanenka ya fito ya ga rana. Na zauna a kan bokitin nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Na wanke filtar yadda ka koya min, ruwan ya fara washewa, na kuma shaida wa ɗanka ina nan. Aikin ya ƙare cikin ɗan lokaci, Yaya, sauran yinin ne ban san inda zan kai shi ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya wanke ka daga zunubi tas, Ya haskaka makwancinka, Ya sa aljanna ce makomarka tare da iyayenmu da matanmu. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka da jikokinka da duk wanda ya ci arzikin hannunka, Allah Ya ba su haƙurin rashinka. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Ni ma ina karɓar gaisuwa, ga wanda ya tuna.