Kwanon taliyar Japan da ya ɓata auren ɗiyar yayana

Ƙarfe biyu da kwata na rana, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu uku muka shiga wani gidan cin abinci na 'yan Japan a arewacin Riyad: ni, da abokin zamana mutumin Maradi da muke ɗaki ɗaya a unguwar Manfuha, da saurayin da ke neman auren ɗiyar yayana. A lokacin ni ne mai kula da masu lodi a wani sito a Al-Sulay. Na daɗe a ƙasar nan, kuma mutanenmu na Damagaram sun san ba na wasa da yara, ba na magana biyu. Wannan halin ne ya sa yayana ya kira ni daga gida ya ɗora mini aikin bincike. Ya ce yaron ya je Damagaram ganin kakarsa, ya haɗu da ɗiyarsa wadda malamar makaranta ce, sun daidaita, har iyayensa sun aiko. Ya ce shi bai san su ba, ni ne idonsa, abin da na faɗa shi za a yi. Yarinyar nan a ɗakin matata ta tashi kafin in fito neman abinci, don haka na karɓi aikin kamar na ɗiyar cikina.

Bincike yana da tsari, kuma na san shi. Ana fara tambayar maƙwabta, sai masallacin unguwa, sai wurin aiki. Ganin yaro shi ne na ƙarshe, idan ma ya zama dole. Sai dai yaron ya ji labarin an wakilta ni, ya nemi lambata, ya matsa sai ya ciyar da ni. Na yarda, na fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe. A unguwar Gubaira, nan Riyad, aka haife shi, uwa da uba duk Hausawa, amma Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kuwa sai ka kasa kunne. Ya zo ɗaukarmu da motarsa, ya fito a tsaye kyam ya miƙo mini hannu kamar sa'ansa, ya kira ni ammi, wato baffa da Larabci. Bai rusuna ba, bai tambayi mutanen gida ba. Na riƙe wannan a raina.

Wurin ba shi da ɗakin zama na manya. Dogon teburi ne guda, an jera kujeru masu tsawo kamar a tasha, kana fuskantar masu girki da tukwanensu. Aka zaunar da ni kafaɗa da kafaɗa da mai neman ɗiyata. A garinmu saurayi ko ruwa ba ya sha a gaban surukinsa, idan ya hango shi ma hanya yake sauyawa. Wannan kuwa murna yake, yana gaya mini a nan yake kawo duk wanda yake girmamawa, abincin sunansa ramen, taliya ce cikin romo. Na tambayi naman, aka tabbatar mini na kaza ne na halal. Sannan aka zo kan yaji. Ashe hawa-hawa suke sa shi, daga na yara har zuwa wanda suka zana wuta a gefen sunansa. Yaron ya ce in ɗauki na ƙasa, shi ma na tsakiya yake iyawa. Sai abokina ya yi dariya ya ce ashe mutanen Damagaram sai baki, yau zai ga mai cika baki da yajin kilishi yana shan romon jarirai, kuma da kansa zai kai labarin Maradi. Shi kuwa da aka zo kansa ya ce likita ya hana shi, a ba shi na ƙasa. Na ji yaro ƙarami yana auna mini abin da zan iya, na ji Bamarade yana zolaya, sai na ɗora yatsa a kan mai wutar. Yaron ya roƙe ni in canza. Mai hidimar ma ya tsaya yana kallona ko zan sake magana. Na ce ba na maimaita zance.

Aka ɗaura mini wata leda a wuya kamar jinjiri, aka ba ni tsinke biyu wai da su ake ci. Na ture su na nemi cokali mai yatsu. Kwanon ya zo ja wur, da rabin ƙwai da bai gama dahuwa ba, da wani baƙin ganye mai ƙarnin kifi. Lomar farko ban ji komai ba sai gishiri, har na kalli abokina. A ta uku abin ya tashi. Yajinmu na gida a baki yake tsayawa, ka sha ruwa ya wuce. Wannan ya kama maƙogwaro, ya hau hanci, ya toshe kunne, ya sauka ƙirji kamar an zuba garwashi. Shaƙuwa ta kama ni, sai tari, sai hawaye da majina, zufa ta jiƙa mini wuyan riga. Na sha ruwa, ya ƙaru. Duk da haka na ci gaba da kai loma, domin ajiye cokali a gabansa ya fi mini yajin ciwo. A gefena kuwa yaron yana zuƙar taliyarsa da ƙara, zuuu, har ana ji a ƙarshen teburi, yana bayani wai haka 'yan Japan ke nuna abinci ya yi daɗi. Ban san lokacin da na cire hula na ajiye ba, ni da ko a ɗakin kwana abokan zama ba su cika ganin kaina ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ƙarasa ni. Yaron ya ga halin da nake ciki, ya miƙe ya hau bubbuga mini baya. Ya yago takardar goge baki ya nufo fuskata da ita. Ya kira aka kawo nono mai sanyi ya kai mini baki da hannunsa. Sannan ya janye kwanona ya turo mini nasa da ya riga ya ci rabi, yana cewa ba komai ammi, in ci nasa ya fi sauƙi, shi zai ƙarasa nawa. Ni, a ba ni sauran yaro, a bainar jama'a. Ya kuwa zauna ya cinye nawa tas, hawaye na zuba, yana dariya yana cewa yanzu mun zama ɗaya. Na kwance ledar na jefar, na ɗauki hulata na fita. Ya biyo ni yana tambayar me ya faru, na ƙi shiga motarsa.

A bakin titi, ana gab da kiran la'asar, bakina bai daina raɗaɗi ba, na kira yayana. Na jera masa komai bi da bi: bai rusuna ba, ya ci abinci a gabana yana zuƙa, ya taɓa jikina, ya ba ni sauransa, ya yi dariya. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Amma ban gaya masa ni na zaɓi yajin ba, ban gaya masa yaron ya roƙe ni in bari ba. Na rufe da cewa yaron ba shi da tarbiyya. Yayana ya ce alhamdulillahi, da sauri, bai yi mini tambaya ko guda ba. Da a cikin hayyacina nake, da wannan saurin ya tsayar da ni.

Na yi jinyar ciki, na rasa aikin Asabar. Da na samu sauƙi abokina ya zaunar da ni ya ce shi ya fara tsokana, ya ɗauki nasa laifin, amma in ji tsoron Allah, duk abin da yaron ya yi kulawa ce irin ta mutanen nan, haka suke yi wa iyayensu. Sai a lokacin na yi abin da aka aike ni. Na je Gubaira. Maƙwabta suka ce ba su taɓa jin kansa da kowa ba. A masallaci aka nuna mini inda yake zaunar da mahaifinsa, wanda ƙafa ta hana shi tafiya, shi ke ɗauko shi ya mayar da shi. A wurin aikinsa ma ban ji wani aibu ba. Na kira yayana na ce na yi gaggawa, a dawo da magana. Ya ce ai an wuce wurin, ya riga ya sallami 'yan aike, kuma ya gaya wa ɗiyarsa baffanta ya gani da idonsa. Ya ƙara da cewa shi bai san ni da magana biyu ba. Daga baya matarsa ta gaya wa matata gaskiya: tun farko ba ya son ɗiyarsa ta yi nisa da shi, ya rasa yadda zai ce mata a'a ne kawai. Ya san zafin raina, ya san yaron tashin Larabawa ne, ya san in muka haɗu ba za a rasa abin da zai ɓata mini rai ba. Ashe aikena ya yi in samo masa dalili.

Har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Ina fushi da yayana da ya ɓuya a bayana, ya bar ɗiyarsa tana ganin ni na hana ta. Ina fushi da iyayen yaron, da suka koya masa salla da biyayya suka ƙyale shi bai san yadda ake tsayawa gaban suruki ba, alhali sun san gida za su je nema masa mata. Ina fushi da kaina da na auna mutum da kwanon taliya. Ɗiyar yayana ta kira ni sau ɗaya. Ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta tambaye ni, Baffa, shin ba ya salla ne, ko shaye-shaye yake, ko an kama shi da wani abu, don ta san abin da aka tsare ta daga gare shi. Na ba ta maganar romo da tsinke, don ita kaɗai nake da ita. Ta ce ta gode, ta kashe wayar. Yanzu in na je hutu takan aiko mini da abinci, amma ba ta shigowa. Yaron ya yi aure a nan Riyad, ita kuwa duk wanda ya zo cewa take a bar ta tukuna.

Abin da na koya shi ne, wanda aka wulaƙanta, ko yake ganin an wulaƙanta shi, bai cancanci ba da shaida a ranar ba. Na kuma gane 'ya'yanmu da aka haifa a ƙasar nan suna da ladabinsu, sai dai ba irin wanda muka saba gani ba ne, kuma dattijon da bai san haka ba zai zalunce su yana ganin gyara yake. Iyayen da ke nan, ku zaunar da 'ya'yanku ku gaya musu abin da ake yi da abin da ba a yi a gaban surukai tun kafin ku tura su gida neman aure. Kai kuma mai karatu, idan an aike ka binciken aure, ina roƙonka abu ɗaya: kafin ka taka ƙafa, ka tambayi wanda ya aike ka ko da gaske yana son a yi auren. In ya kasa ba ka amsa, ka ce masa ya faɗa wa ɗiyarsa da bakinsa.